Murfin Rijiyar Malam Mai Inuwa

Ran nan ina zaune a tashar Agiye ina jiran mota ta cika, sai na ji wasu samari biyu suna hira a bayana. Ɗayan ya ce in kabu-kabu ya ƙi, shi haƙar rijiya zai koma, ai rami ne kawai, ka yi ta tono har ka ga ruwa. Ban tanka ba don ba da ni suke ba, amma maganar ta tsaya mini a wuya har na isa gida. To ga amsata, gare su da ire-irensu. Sunana Isuhu, a ƙauyenmu da ke kudu da Agiye Sarkin Rijiya ake ce mini, kuma tun gemuna bai tsiro ba nake cikin wannan aiki.

Rijiyar farko da na riƙe wa igiya ta wani mai lambu ce a gefen Gazawa. Baba Tanko, ubangidana a sana'ar, yana ƙasa yana tono, ni ina sama ina jawo guga cike da ƙasa. Shekaru na yi a bakin rami ban sa ƙafa ciki ba. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai da ba ka iya tsayuwa ba tukuna, ina kai ina sauka?" Da gaskiyarsa, don na sama shi ke riƙe da ran na ƙasa. Tsakuwar da za ka shura da yatsa ba ka ma sani ba, kafin ta kai gindi ta isa ta fasa kan mutum. Mai lambun nan irin masu aikin nan ne da suka fi ka sanin aikinka. Kullum sai ya zo ya leƙa yana cewa a karkata gabas, wai ya yi mafarkin ruwa a can. Rannan ya matso da takalminsa, ƙasa ta zubo wa Baba Tanko a ƙeya. Baba ya fito, ya ja layi da dagi kewaye da ramin, ya ce mini duk wanda ya ƙetare shi in saki aikin mu tafi, ko da mai rijiyar ne. Har yau kafin in buɗe ƙasa sai na ja wannan layin.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Dagi, diga mai gajeriyar ƙota don babu wurin ɗaga hannu a ƙasa, guga, igiya babba wadda sai ka bi ta da yatsu kowace safiya kafin ka amince mata, da fitila. Fitilar ba don gani ba ce kawai. Tsohuwar rijiya takan tara mugun iska, sai ka zura fitila tukuna, in ta mutu a hanya kai ma haka za ka yi. Sai kuma wani ɗan siririn zare mai dutse a ƙarshensa, wanda Baba Tanko yake kira Alƙali, don ba ya bin bayan kowa. Shi ke gaya maka ko raminka yana tafiya tsaye ko ya fara kwanciya. Ido yana ruɗin mutum a ƙarƙashin ƙasa. Na ga mahaƙan da suka rantse raminsu a miƙe yake, da aka zo saukar da zoben siminti ya maƙale a tsakiya, ba gaba ba baya.

A wata rijiya wajen Gidan Rumji na fara haɗuwa da yashi mai gudu. Mun wuce jigawa, mun wuce jan ƙasa, mun fasa marmara da kyar, sai na ji bango yana sulalowa a kan ƙafafuna kamar gero daga buhun da ya huje. Wurin nan in ka yi saurin tsoro ka ja igiya da ƙarfi, kai za ka rushe sauran. A hankali ake fita, a dawo da itace a tokare. Wanda yake ganin rami ne kawai, ina so ya fara tsayawa a irin wannan wuri ya ɗaga kai ya ga sama ta koma kamar faifai.

Amma aikin da nake so in ba ku labari shi ne na rijiyar ƙauyenmu, wadda ake kira Rijiyar Malam. Tun zamanin kakannin kakanninmu wani malami ya zauna a nan, masanin taurari da lissafin lokaci. Sunansa na yanka ya ɓace, Malam Mai Inuwa kawai ake cewa, don an ce kullum yana tsugune gaban sanda yana auna inuwarta. Shi ya sa aka haƙa rijiyar, tsaye cak. A cikin bazara, lokacin da taurarin Kaza da 'Ya'yanta suke gab da ɓuya a yamma, akwai 'yan kwanakin da rana ke tsayawa daidai tsakar ka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. A kwanakin ne kaɗai haske ke kai wa ga ruwan rijiyar. Yana sake yi a tsakiyar damina, amma galibi hadari kan rufe shi, ba wanda ke lura. Mu muna ce wa na bazarar shigar rana.

Ranar shigar rana mata kan fito da irin gero da na wake a ƙwarya, a jawo ruwan da haske ya taɓa a yayyafa wa iri. Kafin wannan rana ba mai shuka a garinmu, ko da an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, don ruwan wuri yakan yaudari manomi ya cinye masa iri. Na sani yanzu ko a salula ana iya duba ranar, kuma ba ta kuskure. Amma salula ba ta tara gari wuri guda. Baƙi ma suna zuwa, malaman lakol, wato makarantar boko, da ɗalibansu, wani lokaci har masu karatun taurari daga Katsina, su kwanta rub da ciki suna leƙe. Yasar rijiyar aikin Baba Tanko ne, da ya tsufa ya miƙa mini. Abin da ya ce da ni shi ne, "A buɗe na ishe ta, a buɗe za ni bar maka ita. Kada ka yarda a ɗora mata murhi, ko na kaba ne."

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi nauyi har ƙarshe, ƙasar bakin rijiyar ta jiƙe ta yi laushi ta ciki, sama kuwa lafiya lau a ido. Hadiza, matar ƙanen maigari, ta zo ɗiban ruwa da hantsi, ta taka gungumen bakin, gefen ya tafi da ita gaba ɗaya. Ni na shiga na ɗauko ta. Allah ya yi da sauran kwananta, ruwa ya tare ta, ƙasar da ta biyo ta kuma ba ta binne ta ba. Sai dai ƙugunta ya karye, ta yi watanni a kwance, da ta tashi kuma da sanda ta tashi. Mace ce mai zafin nama, wadda take daka tana waƙa. Ganinta tana jan ƙafa ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Bayan girbi Maigari Lawali ya aika a kira ni.

"Sarki, zamna," ya ce. "Rijiyar ga za mu cike ta. Ga pompo can kusa da lakol, ba mu rasa ruwa ba."

Na ce, "Maigari, in gyara bakin ne, ni za ni gyara shi, shi hi da ƙarhi."

"Ka gyara ka ruhe ta ruf da siminti, na yarda. Ka gyara ka bar ta hangame, ban yarda ba. Mi za ni ce ma Hadiza? Ɗiyanta nan suke wasa."

Na ce murfi kam ba da hannuna ba. Na gaya masa an ce Malam ya zauna wasu wurare biyu kafin ya iso nan, ɗaya kusa da Cadawa, ɗaya can wajen Sae Sabuwa, kuma ko'ina ya bar rijiya. Zan je in gani da idona yadda mutanen can suka riƙe nasu a buɗe ba ta ci kowa ba, in dawo in yi mana irinsa. Maigari ya ce ya ba ni zuwa farkon zafi. In ban kawo abin da zai iya faɗa a gaban Hadiza ba, amalanke za su fara zuba ƙasa. Aka kewaye ramin da ƙaya, na ɗauki Alƙali da igiya na sa a buhu.

Wurin na Cadawa bai yi wuyar samu ba. Na sauka ran kasuwa, na yi tambaya wajen masu sayar da igiya, wani dattijo ya ce in bi shi ƙauyensu in an tashi. Ya kai ni gindin wata tsohuwar tsamiya inda aka ce Malam yake karantarwa. Akwai duwatsu jere a gabas da ita, wai da su yake gane inda rana ke ɓullowa a kowane lokaci na shekara. Rabinsu an kwashe an yi murhu, sauran awaki ne ke hawa. Na ce ina rijiyar? Ya nuna mini wani ɗan kwari a tsakiyar gona, karan dawa a tsaye a cikinsa.

"Jaki ya hwaɗa, aka cike ta. Ina yaro lokacin."

"To shigar rana fa?"

Ya dube ni. "Shigar mi?"

Na yi masa bayani, ya ce kamar ya taɓa jin kakarsa tana faɗin wani abu haka. Matasan da suka taru suna kallonmu kuwa ko sunan Malam ba su sani ba. Na tsaya a kan kwarin nan raina a ɓace. Abin da ke jiran garinmu ke nan, kuma ba zai ɗauki fiye da rayuwar mutum ɗaya ba. A nan na ƙudura ko zan kai bangon duniya sai na ga ɗaya rijiyar.

Tafiyar Sae Sabuwa ta fi wahala. Mota ta ajiye ni, na hau kabu-kabu, yashi ya kayar da mu sau biyu, ƙarshe a amalanken wani mai kai kara na ƙarasa. A ƙauyen da aka kwatanta mini aka nuna mini kangon da aka ce nan Malam ya fara zama, tudun ƙasa ne kawai da wani faffaɗan dutse mai rami a tsakiya inda yake kafa sandarsa. Na sa yatsa a ramin, sumul yake. Wata tsohuwa da ke sussukar gero kusa da wurin ta ce, "Rijiya kaka biɗa? Tana can daji wajen Hillani. Ta ƙahe tun tuni, mu ba mu zuwa."

Na iske rugar da hantsi. Ardonsu, wani dogon tsoho mai suna Jaɓɓo, ya tare ni da ƙwaryar nono yana dariya.

"Kaɗo, ka baro rijiyoyi masu ruwa ka zo neman busassa?"

Na ce ita nake so. Ya sa sandarsa a kafaɗa muka tafi.

Da na hango ta sai na ga a rufe take. Manyan gumaguman ƙirya ne aka fafe aka jera a bakinta, sun haɗe ƙam, sun yi baƙi kamar an shafa musu shuni. Na ce a raina, ga Fulani sun rufe don shanunsu, tafiyata ta tashi a banza. Na faɗa masa haka. Ya ce a'a.

"Haka munka tarad da ita. Kakana ya ce haka nashi kakan ya gan ta. Aikin Malam ne. Duba nan."

Ya share ƙasa da ƙafa. A tsakiyar gungumen tsakiya akwai huda, faɗin dunƙulen hannu, zagayayya, an gyara bakinta da kyau. A gefe kuma akwai wata 'yar ƙofa daidai shigar guga, da guntun itacen da ake toshe ta. Na tsugunna na duba sassaƙar. Ba aikin jiya ba ne, kuma ba aikin makiyayi mai sauri ba ne. Gumaguman a zaune suke cikin gurabun da aka sare musu a dutsen bakin, tun ranar da aka yi rijiyar.

Muka jira rana ta take. Na kwanta na sa fuska a ƙofar gugan. Ciki duhu ne, sai ɗigon haske guda a bangon arewa, tsaf kamar ƙwai, bai kai rabin zurfin ba. A rijiyarmu da take buɗe haske yakan bazu ne, har tsofaffi su yi ta gardama ko ya taɓa ruwa ko sai gobe. Wannan ba gardama a cikinsa. Na roƙi Ardo ya kira 'yan'uwansa, muka ɗaga gungume ɗaya, na zura fitila ta kai gindi da ranta, suka riƙe mini igiya na sauka. A jikin marmarar bangon arewa akwai zane-zane da aka karta da ƙarfe, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, suna gangarawa. Mutumin nan ya rataye a igiya kamar ni, yana bin ɗigon haske yana yi masa alama.

Ina rataye a wurin na tuna gurabun da ke dutsen bakin rijiyarmu. Shekara da shekaru ina dafa su in zan sauka. Baba Tanko ya ce matakai ne, ni ma ban taɓa tambaya ba. Murfin namu ya ruɓe ne ko ya ƙone tun kafin a haifi Baba, shi kuma ya ba ni abin da ya tarar da zuciya ɗaya. Da na fito Ardo ya ce, "An ce Malam ya ce rana ba ta son babbar ƙofa. Ka samu abin da kaka so?" Na ce na samu abin da ban zo nema ba, kuma ya fi.

Komawa gida da wannan magana bai yi mini daɗi ba, ni da na cika baki a gaban maigari. Amma na faɗe ta yadda take. Maigari ya ce in je in gaya wa Hadiza da bakina. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, sandarta a jingine. Ta saurare ni har na gama.

"Baba Isuhu, ni ban san taurari ba," ta ce. "In ka gama, ni za ni hau bisa murhin da ƙahwata. In ya motsa, a cike ta."

Na ce na yarda.

Wasu tsofaffin gari kuwa suka ce na ci amanar Baba Tanko. Ɗaya har ya daina amsa gaisuwata. Na bar su, don ba ni da lokacin gardama, zafi ya fara.

Aikin da ya fi cin raina shi ne neman tsakiya. Bakin ya rushe ta gefe guda, saboda haka tsakiyar baki ba ita ce tsakiyar ruwa ba. Na yashe ƙasar da ta zuba, na sake ɗaure bakin da dutse da siminti tun daga inda ƙasa ke da ƙarfi. Sannan na gitta itace a sama, na rataya Alƙali, da sassafe kafin iska ta tashi, in sauka in duba inda dutsen ya tsaya a kan ruwa, in hau in gusa zaren kaɗan, in sake sauka. Gwiwoyina ba na saurayi ba ne, amma ban ba kowa wannan aikin ba. Da dutsen ya tsaya daidai tsakiya na kafa turaku huɗu nesa da bakin, na ja zare biyu suka gitta a wurin, don kada alamar ta ɓace. Ƙirya mai girman ta Malam babu ita yanzu a dajinmu, sai na zuba murfin da siminti da rodi a ƙasa gefe, na dasa guntun tiyo a inda hudar za ta kasance. Wani maƙeri a Agiye ya yi mini ƙofar guga ta ƙarfe mai sakata, na auna ta yadda kafaɗar yaro ba za ta wuce ba. Na yi ta shayar da simintin ruwa safe da yamma har ya kama. Ranar ɗorawa mazan gari suka turo shi a kan gumagumai, ina tsaye ina kallon zarena, har hudar ta zo ƙarƙashin inda suka gitta.

Daga nan sai jira. Kullum da tsakar rana in buɗe ƙofar in leƙa. Ɗigon yana bangon arewa, kullum yana ƙara sauka. Ran da na ga ya kai gab da ruwa na gaya wa maigari a yi shela gobe ne.

Mata sun fito da ƙoren iri, amma suka tsaya nesa, bayan layin da na ja da dagi. Ba wadda ta matso tun faɗuwar nan. Tsofaffin da suka yi fushi da ni suna gindin bishiyar bedi, wai inuwa suka zo sha. Rana tana dukan ka, inuwa ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafa, sai ga Hadiza tana tafe da sandarta. Ta ƙetare layin. Ta buga murfin da sanda ta saurara, ta buga wani gefen. Sannan ta ɗora ƙafar mai lafiya, ta jawo ɗayar, ta tsaya a kai da dukan nauyinta. Murfin bai motsa ba.

Na buɗe mata ƙofar. Durƙusawa ta yi mata wuya, amma ta ƙi a kama ta. Ta sa fuska a ƙofar. Ni ina gefenta ina hangowa ta saman kafaɗarta. Ɗigon ya bar bango ya sauka a kan ruwa, sai cikin rijiyar duk ya haskaka, har ana ganin jerin duwatsun da na ɗaure.

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta yi magana a hankali ta yi, ni kaɗai na ji.

"Ran da na hwaɗa, da na ɗaga kai, ɗan haske kamar wannan na gani can sama. Na ce shi ke nan, ba ni ƙara kai gare shi."

Ta share fuska da gefen zane, ta juya ta dubi matan da ke tsaye bayan layi.

"Ku matso mana, rana ba ta jiranku. Baba Isuhu, miƙo mani guga."

Na miƙa mata, ita ta jawo ruwan farko.